Tsohuwar Kwamfuta Ba Gawa Ba Ce

Yau za mu yi maganar kwamfuta, wadda ƴan lakkwal ke cewa ordinatar. Kada ka ce ba ruwan manomi da ita. Da ruwanka ƙwarai. Bi mu sannu har ƙarshe, ka gani.

Ka san ta. Kana ganinta a gidan likita, da ofishin ƙaramar hukuma, da wajen mai buga takarda a bakin tasha. In ka lura kuma, a ofisoshi da yawa akwai wata a kusurwa. An lulluɓe ta da tsumma, ƙura ta hau kanta. In ka tambaya, amsar ɗaya ce: "Ta mutu. Muna jiran sabuwa."

Wa ya ce ta mutu? Wa ya buɗe ta ya duba? Sau da yawa ba kowa. Ta ƙi tashi ne rana ɗaya, sai aka yanke mata hukunci. Mu dai ga maganarmu a fili: da yawa daga cikinsu suna da rai. Mai gyara suka rasa. Ƙasar da ke karɓar na'ura ba ta horar da mai gyara, kullum tana cikin roƙo.

KU TUNA DA KUTUTTURE

Mutanen Agye da Gazawa da Gidan Rumji, ba ku za a koya wa wannan darasi ba. Ku kuka koya wa duniya shi.

A da, in manomi ya zo sassabe, sai ya share gona tas. Duk tsiron da ya fito daga kututture, a sare shi a ƙone. Ana ganin kututture mataccen abu ne mai tare hauya. Iska ta samu hanya. Ta kwashe ƙasa, ta bizne hatsi tun yana ƙarami. Aka yi ta kawo dashe daga nesa, ana kashe kuɗi, akasarinsa yana mutuwa.

A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya, Tony Rinaudo, yana aiki a Maradi. Ya lura cewa kututturen da ke gonaki bai mutu ba. Saiwarsa tana nan da rai cikin ƙasa. Abin da yake so kawai, a zaɓi tsiro masu ƙarfi a bar su, a datse sauran, a tsare su daga gatari da dabba. Bayan yunwar 1984, wadda ake kira El Buhari, manoma suka kama wannan aiki. Shi ne sassaben zamani. Ƙauyen Dan Saga na ƙasar Agye ya yi suna a kansa, har baƙi suna zuwa daga ƙasashen waje don su gani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 a kudancin Nijar. Dubi sabara da kalgo da gawo da ke gonarka. Ba sayo su aka yi ba. Abin da aka ce ya mutu ne aka tayar.

To, kwamfutar nan da ke kusurwa, kututture ce.

ME KE KWANTAR DA ITA?

Kwamfuta ba aljani ba ce. Mutum ya ƙera ta, kamar yadda ya ƙera rediyo da injin niƙa. Ga cututtukan da suka fi kama ta a ƙasarmu.

Na ɗaya, ƙura. Kwamfuta tana yin zafi in tana aiki. Don haka aka sa mata fanka a ciki. Ƙurar hunturu tana toshe fankar da kafofin shan iska. In bazara ta zo, zafi ya wuce maki 40, sai ta riƙa kashe kanta don kada ta ƙone. Maganin nan, a buɗe ta, a hure, a share da burushi mai laushi. Ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.

Na biyu, ɗan batir. A cikinta akwai wani batir mai faɗi, girmansa kamar na dala. Akasari an rubuta CR2032 a bayansa. Shi ke riƙe mata kwanan wata da lokaci. In ya shekara da yawa sai ya ƙare. Kwamfuta ta manta rana, ta riƙa gardama wajen tashi. A canza shi, shi ke nan.

Na uku, datti a bakin ram. Ram wani ɗan siririn allo ne mai haƙora masu ruwan zinariya. Da shi take riƙe aikin da take cikin yi. In haƙoran suka yi datti, sai ka kunna ta ka ji ƙara, allo ya tsaya baƙi ƙirin. Mai gyara zai zare shi, ya goge haƙoran da abin goge fensir, ya mayar.

Na huɗu, wuta. Wutar lantarki mai hawa da sauka, ko ta janareto, tana ƙona caja. Cajar ce ta mutu, amma sai a ce kwamfutar ce. Wa ke yanka saniya don igiyarta ta tsinke?

Na biyar, kondansa. Wasu ƴan gwangwanaye ne ƙanana masu riƙe wuta. In sun tsufa, kansu yana kumbura. Mai ido yana ganinsu. A cire da dalma, a sa sababbi.

Na shida, rumbun ajiya. Nan take adana duk abin da aka rubuta. Tsohon rumbu faifai ne mai juyawa. In ya gaji, sai ta yi nauyi kamar jakin da ya sha tafiya. Akwai sabon iri da ake kira SSD, ba abin da ke juyawa cikinsa. In an sa mata shi, tana samun sauri.

Na bakwai, ɓera da kyankyaso da tururuwa. Suna son ɗumin cikinta. Suna cin waya, suna yin gida.

Ka gani? A cikin bakwai ɗin nan ba wadda ta kai a sayi sabuwa.

Amma a kula. Ba kowa ke sa hannu ba. A zare waya daga wuta kafin a buɗe. Akwatin wutar da ke cikinta, da tsohon allon nan mai ƙaton ƙeya, suna riƙe wuta mai kisa ko bayan an kashe su. Batirin da ya kumbura yana iya kamawa da wuta. Kada a huda shi, kada a jefa shi murhu, kada a bar yara su yi wasa da shi.

MASU CEWA TA TSUFA

Wani zai ce: "Ai ta tsufa, zamaninta ya wuce." Mu tambaye shi: tsufa a wajen wa?

Kwamfutar da mutum ɗaya zai ajiye a kan tebur ta fara yaɗuwa ne a Amurka. A 1977 kamfanin Apple ya fitar da tasa mai suna Apple II. A 1981 kamfanin IBM ya fitar da tasa. Har yau a Turai da Amurka akwai masu neman waɗannan tsofaffi. Suna wanke su, suna canza musu kondansa, suna kunna su, suna tashi. Wasu an ajiye su a gidajen tarihi. In wadda ta haura shekara 40 tana tashi, yaya za a ce ta 2012 gawa ce? Ai wannan yarinya ce.

Ka tambayi kanka, wa ke cin riba in ka yar da taka? Mai sayar da sabuwa. Kowace kwamfuta tana da tsarin da ke tafiyar da ita. Wanda aka fi sani shi ne Windows, na kamfanin Microsoft. Kamfanin ya daina kula da Windows XP a 2014. Ya daina kula da Windows 7 a 2020. Ranar 14 ga Oktoba 2025 ya tsaida kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Sabon tsarinsa kuwa, Windows 11, ba ya hawa kan miliyoyin kwamfutoci masu lafiya. Ba su lalace ba. Kamfani ne ya juya musu baya.

Akwai mafita. A 1991 wani ɗalibi a ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara wani tsari mai suna Linux. Kyauta ne, ba a biyan ko dala. Akwai irinsa marasa nauyi da aka yi musamman don tsofaffin kwamfutoci. Da su ana rubuta wasiƙa, ana lissafi, ana buga takarda.

Su kansu Turawa sun gaji da wannan ciniki. A 2015 Faransa ta yi doka: laifi ne a gajarta ran na'ura da gangan don mutane su sayi sabuwa. A 2020 ta ci kamfanin Apple tarar yuro miliyan 25, wato sama da miliyar 16 na sefa, don ya rage saurin tsofaffin wayoyinsa bai gaya wa masu su ba. Daga 2021 ta tilasta a rubuta wa wasu na'urori maki, daga 0 zuwa 10, mai nuna sauƙin gyaransu. Masu kuɗi suna faɗa don a bar su su gyara kayansu. Mu da ke lissafin tiya, mu ne za mu riƙa yarwa? Da tsohuwar zuma ake magani.

KYAUTAR DA BA MAI GYARA

Dattawa, ku tuna da famfo. Daga 1981 zuwa 1990 duniya ta ware shekara goma don ruwan sha. Aka haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka, aka sa famfo na hannu da na ƙafa. Aka yi buki, aka yi guɗa. Bayan ɗan lokaci, ƴar roba ɗaya ta cinye. Ba mai gyara, ba kayan gyara, ba kuɗi a asusu. Mata suka koma tsohuwar rijiya da guga. Sai da aka sha wuya aka gane: famfo yana son kwamiti, da asusu, da bakanike na kusa, da wurin sayen kayansa. Inda aka yi haka, ruwa ya ɗore.

Yanzu abin da ya faru da famfo shi ke faruwa da kwamfuta. Masu aikin taimako su zo da mota. A jera kwamfutoci, a ɗauki hoto, a yi jawabi. Shekara uku aiki ya ƙare, mota ta tafi. Ba a koya wa kowa buɗe ta ba. Ba a bar ko sukurdireba ba. Rana ta farko da ta yi tari, sai tsumma da kusurwa.

Muna godiya ga mai kyauta. Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Wanda ya kawo kwamfuta goma bai horar da mai gyara ba, gara ya kawo takwas, kuɗin biyun ya koya wa yaranmu gyara. Ku kuma shugabanninmu masu karɓa, laifin ba na baƙo kaɗai ba ne. Ku ke sa hannu a takarda. Me ya hana ku tambaya? Ko kuwa sayen sabuwa ya fi gyaran tsohuwa daɗi ne, don abin da ke biyo bayan ciniki?

BA MU CE A MAIDA MU JUJI BA

A fahimce mu. Mun ce a gyara tsohuwa. Ba mu ce a kwaso mana gawar wasu ba. Tsohuwa daban, matacciya daban. In babban allon ciki ya ƙone ƙurmus, ko ruwa ya cinye shi, kuɗin gyara yana iya fin kuɗin wata. Irin wannan sai a cire abin da ke da amfani a jikinta, a tayar da ƴar uwarta.

Wani rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki. Wadda aka tattara aka sarrafa yadda ya kamata ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Wata daga cikin sharar tana shigowa Afirka da sunan kayan gwanjo. Ana cuɗa masu aiki da matattu cikin akwati ɗaya.

Wannan ba sabon abu ba ne. A 1988 aka gano gangunan guba da aka kawo daga Italiya aka jibge a garin Koko na Najeriya. A 1991 ƙasashen Afirka suka taru a Bamako, suka ƙulla yarjejeniyar hana shigo da shara mai guba. A birnin Akara na Gana, unguwar Agbogbloshie ta yi ƙaurin suna. Samari, da yawansu ƴan ci-rani daga arewacin Gana, suna ƙona waya don su ciro jan ƙarfe, suna shaƙar baƙin hayaƙi. A 2021 hukuma ta rushe wurin. Hayaƙin nan guba ne. Tsohon allo kuma yana da dalma a gilashinsa. Kada mu bar yaranmu su ƙona irin wannan a bayan gari.

Don haka, in za ka sayi ta hannu a Maradi ko Katsina ko Kano, kada ka sayi wadda ba a kunna a gabanka ba. Ka je da wanda ya sani. A bar ta tana aiki, a ga ko za ta yi zafi ta mutu. A taɓa kowane harafi. Arha ba ta ado.

INA RUWAN MANOMI?

Wani zai ce: "Mu hatsi muke nema, ba kwamfuta ba." Gaskiya ne, ba a tuƙa tuwo da ita. Amma dubi nan.

Ƙungiyarku tana da bankin hatsi. Wa ya zuba tiya nawa? Wa ya ci bashi? Wa ya biya? Masu noman aya na Cadawa da Agye da Gazawa suna haɗa kaya suna jiran farashi. Buhu nawa ne na wane? Ke ƴar uwa, asusun Mata Masu Dubara a jihar Maradi aka fara shi, a 1991, kafin ya bazu ƙasashe da yawa. In ƙungiyoyi suka haɗu suka yi yawa, lissafi ya fi ƙarfin ka. Ƙungiya nawa rigimar lissafi ta kashe? Tsohuwar kwamfuta ɗaya ta isa wannan aiki. Irin ta ɗauka a jaka ba ta cin wuta da yawa, farantin sola da batir suna iya riƙe ta. Amma kada a yar da littafi. A rubuta a nan, a rubuta a can. Shaida biyu ta fi ɗaya.

Ga kuma karatunka. Ka sha wuya ka koyi baƙaƙe. Karatu kamar hauya yake, in ba a aiki da shi sai ya yi tsatsa. Daga 2009 an yi gwaji a ƙauyukan Dosso da Damagaram. An haɗa wa manya masu yaƙi da jahilci karatu da koyon rubutu a salula. Aka ga sun fi sauran ci gaba. Haka kwamfuta. Ana iya sa mata ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Da ita za ku rubuta tarihin garinku, da maganin cutar dabbobi, da dokar kwamitin tsaron itace, cikin harshenku. A buga, a raba, kowa ya karanta.

SANA'A BA ABIN KUNYA BA CE

Iyaye, saura ku. Kowa yana so ɗansa ya zauna ofis. In yaro ya ce zai koyi gyara, sai a ce ya kasa karatu. Ofis nawa ne a Gangara? Ofis nawa ne a Cadakori da Gidan Sori da Saye Sabuwa? Amma salula nawa ce a garuruwan nan? Rediyo nawa, fitilar sola nawa? Duk suna lalacewa. Duk ana kai su birni, ana biyan kuɗin mota. Kuɗin nan daga aljihunku yake fita.

Ku je kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ku gani. Samari ne zaune da ɗan tebur da dalma, suna ci da iyalinsu. Hannun da ya iya salula ba zai kasa kwamfuta ba. Yarinya ma tana iyawa, aikin ba na ƙarfi ba ne, na natsuwa ne. Muna da cibiyoyin koyon sana'a da ake kira CFM. A Maradi akwai makarantar fasaha ta Dan Kasawa, akwai jami'ar Dan Dicko Dankoulodo. Me zai hana a tattara kwamfutocin da ke kusurwa a kai wa ɗalibai su koyi gyara da su?

Ku ma masu gyara, ku ji tsoron Allah. Wanda ke zare sabon abu ya sa tsoho, ɓarawo ne. Wanda bai iya ba, ya ƙi cewa bai iya ba, har ya ƙarasa kashe ta, macuci ne. Wanda ke leƙa hotuna da takardun mutane, ya ci amana. Irinku ne ke sa a ce gara a sayi sabuwa.

ABIN DA ZA MU YI

Ɗaya. Duk ƙungiya ko makaranta mai kwamfuta a kwance, ta kai ta a duba kafin a ce ta mutu.

Biyu. In an kawo muku kyautar na'ura, ku yi tambaya uku a gaban taro. Wa zai gyara ta? Ina ake samun kayanta? Wa za a koya wa a cikinmu?

Uku. Ku buɗe asusun gyara tun tana da lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Huɗu. Ku rufe ta da ƙyalle in an gama aiki. Ku ɗora ta a tebur, nesa da taga. Kada a ci abinci a kanta. In hadari ya taso, a zare waya.

Biyar. Abin da kuka rubuta, ku kwafe shi a ɗan makullin ajiya da ake cewa kile, ku adana wani wuri.

Shida. Kowace ƙaramar hukuma ta tura yaro da yarinya koyon gyara, su dawo gida su zauna.

Ɗan uwa, kai da ka iya karatu yanzu, nauyi ya hau kanka. Karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna. Ku tattauna a dandali da wajen taron ƙungiya. Ranar da aka sake ce maka "ta mutu", ka tambaya: wa ya duba?

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa albarka a hannun masu sana'a. Amin.